ABIN DA KE SA BATIRIN TARAKTA YA FASHE

Da zarar watan Afrilu ya kama, hadari ya fara haɗowa ta bayan duwatsun Kagoro, hankalin manoman Godogodo da na ƙauyukan da ke kewaye da ita sai ya koma kan abu guda, watau wanda zai riga samun tarakta ta shiga gonarsa. A wannan yanki na Ƙaramar Hukumar Jama'a da ke kudancin Jihar Kaduna, damina takan riga ta Kano da Katsina sauka da makonni masu yawa, kuma wanda ya makara wajen huɗa ya makara ke nan har kaka. Taraktocin kuwa ba su da yawa. Mota guda ita ce za ta yi aiki a Godogodo yau, gobe a ji ta wajen Gidan Waya, jibi a Jagindi, alhali kowa ya ba da kuɗinsa tun da wuri, ya zauna yana ƙirga kwanaki.

A cikin irin wannan gaggawa ne wani hatsari yakan auku, wanda ba a cika ba da labarinsa ba domin ba a kan titi yake faruwa ba. Yadda yakan zo kusan iri ɗaya ne a ko'ina ake noma da inji. Tarakta ta yi rani cur a gindin mangwaro ba wanda ya taɓa ta. Ranar da aka tashi fita aiki, direba ya murɗa makulli, sai injin ya yi gurnani sau ɗaya ya yi shiru. A aika a ɗauko batirin wata mota da wayoyi biyu, yaron mota ya sunkuya a kan batir yana riƙe da bakin waya da hannu, fuskarsa ba ta fi taƙi guda daga murfin ba. Ana cewa direba ya sake murɗawa, sai a ji ƙara kamar an harba bindiga. Murfin batir ya tarwatse, ruwan asid ya watsu a fuska da ƙirji, gutsattsarin roba su shiga ido.

Batir dai ana sayen wani a Kafanchan, ko da kuwa da bashi ne. Ido kuwa ba shi da kanti. Abin takaicin shi ne, kusan duk fashewar batir tana da dalili sananne, kuma hanyar kauce mata ba ta bukatar kuɗi mai yawa, sai dai sani da natsuwa.

TARAKTA TA ZO, ILMINTA BAI ISO BA

Ba yau tarakta ta shigo ƙasar nan ba, amma yaɗuwarta cikin karkara ya yi ƙarfi ne daga shekarun 1970. A 1976 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, a 1980 kuma gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta biyo da nata shirin na bunƙasa noma. A wancan zamani ana harhaɗa taraktocin Steyr a Bauchi, na Fiat kuma a Kano, ma'aikatun gona na jihohi suna da sassan ba da hayar tarakta, da direbobi da kanikawa waɗanda aka koya wa aikin. Yau galibin motocin da ke huɗa a karkara na 'yan kasuwa ne da ƙungiyoyin manoma, irin su Massey Ferguson da Mahindra da John Deere, wasu sababbi, da yawa kuwa tsofaffi. Direban yakan koyi tuƙi ne a hannun maigidansa, shi ma a hannun nasa maigidan ya koya. An koya masa saita garma da fitar da kunya miƙaƙƙiya, amma da wuya a sami wanda ya taɓa zaunar da shi ya gaya masa abin da ke cikin baƙin akwatin nan da ke ba motar wuta.

Ga kuma halin rayuwa. Faɗuwar darajar naira tun daga 2023 ta sa kuɗin batir ya yi tashin gwauron zabo, a shekarar kuma cutar citta ta cinye gonaki masu yawa a kudancin Kaduna, ta bar manoma da hannu wayam. Saboda haka batirin da ya kamata a ce an yi ritayarsa tun bara, sai a yi ta lallaɓa shi, yau caji, gobe jona waya, jibi a ƙara masa asid. Irin wannan batir ne ya fi kowane saurin fashewa.

Matsalar ba ta ƙasar nan kaɗai ba ce. Hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka ta taɓa ƙiyasta cewa a cikin shekara guda, daga 1993 zuwa 1994, fiye da mutum 2,000 aka kai asibiti a ƙasar saboda fashewar batirin mota, kuma kusan ɗaya cikin uku abin ya same su ne a wajen caji. In haka ta faru inda tabarau da na'urar awo suke a kowane gareji, to, mai karatu ya auna inda ake jona waya da hannu.

ABIN DA KE CIKIN AKWATIN

Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté shi ne ya ƙago irin wannan batir a 1859, kuma har yau asalin aikinsa bai canja ba. Batirin tarakta mai ƙarfin bolt 12 ɗakuna shida ne a jere cikin akwati guda, kowane ɗaki yana ba da bolt 2 da ɗan ɗoriya. A cikin kowane ɗaki akwai faranta na dalma a tsaitsaye, an raba tsakaninsu da shamaki don kada su taɓa juna, an nutsar da su cikin ruwan batir. Shi wannan ruwa kashi ɗaya cikin uku, ko fiye kaɗan, asid ne mai ƙona fata da tufa, sauran kuwa ruwa ne zalla.

Idan ana cajin batir, wutar da ke shiga tana gyara farantan ne, tana mayar musu da ƙarfin da suka kashe. To, amma da zarar ya kusa cika, sai farantan su daina karɓa, ragowar wutar ta koma kan ruwan da ke ciki, ta riƙa raba shi gida biyu, watau iskar haidirojin da iskar oksijin. Wannan shi ne tafasar da akan ji batir yana yi a shagon mai caji, wadda wasu ke ɗauka alamar lafiya ce. Lalle kumfa kaɗan a ƙarshen caji ba laifi ba ne, amma tafasa mai ƙarfi alama ce ta cewa batir yana cin ruwansa yana fitar da iska mai kama wuta.

Haidirojin ba ta da launi, ba ta da wari, ta kuma fi iskar da ake shaƙa rashin nauyi har sau 14. In ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri, to, wurin ya isa ya kama da wuta, kuma tartsatsin da take bukata bai kai wanda ido zai lura da shi da rana ba. Ita ce iskar da ke cikin ƙaton jirgin balan-balan na Jamus mai suna Hindenburg, wanda ya ƙone ƙurmus a Amurka a watan Mayu na 1937, mutum 36 suka rasu.

Yawan iskar da batir guda ke fitarwa abin mamaki ne. Idan batir mai ɗaki shida ya riga ya cika, aka ci gaba da ɗura masa wuta amfiya 10, a cikin sa'a guda zai fitar da haidirojin wajen lita 25. Wannan ta isa ta mai da iskar da za ta cika duro uku ta zama abar kamawa da wuta. A can cikin batirin kuwa, a ɗan sararin da ke tsakanin ruwa da murfi, haidirojin da oksijin suna gauraye ne daidai gwargwadon da ya fi kowane ƙarfin fashewa. Ashe ke nan abu biyu ne ke haɗuwa kafin batir ya fashe, iska da tartsatsi. Duk dalilan da za a lissafa, ko dai suna ƙara iskar ne, ko suna kawo tartsatsin.

IDAN CAJI YA WUCE KIMA

Babban mai tara iska shi ne cajin da ya wuce kima. A jikin tarakta, altaneta ko dinamo shi ke cajin batir idan inji yana aiki, akwai kuma 'yar na'urar da ke kayyade wutar don ta tsaya tsakanin bolt 13.8 da 14.4 ko kusa da haka. In wannan na'ura ta lalace, wuta takan haura bolt 15 ko 16, batir ya wuni yana tafasa a gona ba wanda ya sani. Alamunsa ba ɓoyayyu ba ne. Ruwan batir yana saurin ƙarewa, ƙwan fitila yana yawan ƙonewa, jikin batir yana zafi ko ya kumbura, wani lokaci kuma a ji wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai.

A shagon caji ma haka ne. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a ba batir wutar da ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na girmansa ba, watau batir mai lamba 100 a ba shi amfiya 10, a bar shi ya sha a hankali. Amma mai tarakta yana sauri, manoma suna jiransa, sai ya roƙi mai caji ya ƙure na'ura don a gama cikin sa'a biyu. Sau da yawa kuma shagon ɗan ƙaramin ɗaki ne marar taga, an jera batura goma a ƙasa, ga janareta a bakin ƙofa, ga mai walda a maƙwabta. Kwanan nan kuma wata al'ada ta shigo ta jona batir kai tsaye da farantin sola ba tare da na'urar kayyade caji ba. Farantin da ake ce wa na bolt 12 yana iya kaiwa bolt 20 da wani abu in ba a ɗora masa komai ba, saboda haka batirin da aka manta a rana a jikinsa, bayan ya cika sai ya shiga tafasa.

Akwai kuma batirin da ɗakinsa guda ya mutu. Girgizar gona takan kakkaɓe dalma daga jikin faranta, ta taru a ƙasa kamar laka, har ta haɗa farantan da bai kamata su haɗu ba. Daga nan wutar da aka auna don ɗaki shida sai ta faɗa kan biyar, kowanne ya sami kusan bolt 2.9 maimakon 2.4, duk su kama tafasa ko da altaneta lafiyarsa lau. Shi ya sa batirin da ke ƙin riƙe caji ba ƙarin caji yake bukata ba, awo yake bukata.

Zafi ma yana da nasa hannu. Watannin Maris da Afrilu, lokacin da ake ta da taraktoci, su ne mafi zafi a yankin, kuma batir mai zafi ya fi saurin shan wuta fiye da kima da saurin ƙone ruwa. Ƙurar hunturu da lakar damina kuwa sukan toshe 'yan ƙofofin da ke jikin murfi, waɗanda ta nan batir yake numfashi, sai iskar ta rasa mafita ta taru a ciki.

INDA TARTSATSI KE FITOWA

Tartsatsin waje kusan kullum hannun mutum ne ke kawo shi. Na farko kuma mafi yawa shi ne wajen jona waya daga wani batir. Duk lokacin da aka haɗa waya ta ƙarshe, sai an sami tartsatsi, kaɗan ko mai yawa. In an haɗa ta a kan mataccen batir, to, an kunna ashana ne a bakin ƙofar iska. Ya fi muni idan aka juya wayoyin, aka haɗa kan da ke da alamar tarawa da kan da ke da alamar ɗebewa, domin a nan wutar batura biyu ce za ta zubo gaba ɗaya ba abin da ya tare ta. Wasu kuma sukan ga tifa ko tirela ta tsaya, su ce a taimaka musu da wuta, ba su san cewa galibin manyan motocin nan bolt 24 suke amfani da shi ba. Ɗura bolt 24 cikin batir mai 12 tafasa shi ne nan take.

Na biyu shi ne gwajin da aka gada a bakin hanya, inda mutum zai ɗauki guntun waya ko sifana ya gitta a kan kawunan batir biyu don ya ga ko akwai wuta. In ya ga tartsatsi ya ce batir na da rai. Wannan gwaji ya yi kama da leƙa tankin fetur da fitilar aci-balbal don a ga ko da saura. Haka nan wanda ke haska ashana ko laita da dare don ya duba ruwan batir, da wanda ke sunkuyawa a kansa da taba a baki.

Na uku shi ne kan batir da ya yi sako-sako. Maimakon a sayi sabon maɗauri, sai a cusa ƙusa ko guntun gwangwani, a buga da dutse. Irin wannan haɗi yakan yi zafi, ya riƙa tartsatsi duk lokacin da aka murɗa makulli, bugun kuma yana tsaga abin da ke ciki. Sai kuma sifanar da ta zame ta haɗa kan batir da jikin mota, da zoben hannu ko agogon ƙarfe da ya taɓa wurin, da cire maƙalar caji alhali na'ura tana kunne, da walda a jikin garma ko tarakta dab da batir, da yaran da ke maƙala waya a kai don cajin wayar hannu.

Amma akwai fashewar da takan zo ba wanda ya taɓa komai. Direba ya hau kujera da safe, ya murɗa makulli, sai batir ya tashi. A nan tartsatsin daga ciki ya fito. Ta da injin gas yana jan ɗaruruwan amfiya a cikin daƙiƙa kaɗan. In ruwa ya ja baya har kawunan faranta suka fito fili, ko kuwa sandar dalma da ke haɗa ɗaki da ɗaki ta tsage saboda tsufa da girgiza, to, wannan wuta mai yawa sai ta yi tsalle ta tsallake tsagar, a daidai sararin da iska ta kwana. Tarakta kuwa ba kamar ƙaramar mota ba ce, yini take tana faɗawa kunya tana hawa, kuma sau da yawa batirinta ba a ɗaure yake ba, ko an ɗaure shi da igiyar roba. A wasu taraktocin batirin yana dab da ƙafar direba ko gaban sitiyari. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

RIGAKAFI

Abu na farko shi ne ruwa. A lokacin aiki a duba shi kowane mako, da rana ko da tocila, a tabbata ya rufe faranta da kamar faɗin yatsa guda. In ya ragu, tataccen ruwan da ake sayarwa don batir za a ƙara, ba ruwan rijiya ko na rafi ba, domin gishirin ƙasa da ke cikinsu yana kashe faranta. Ba a ƙara asid, saboda ruwa ne ke ƙonewa, asid yana nan. Kada kuma a cika shi har baki. Batura na zamani da ake cewa ba a zuba musu ruwa su ma suna fitar da iska. Da yawansu suna da ɗan ido mai nuna launi, sai a karanta abin da aka rubuta a jiki, in ya nuna ruwa ya ƙare, ba caji ba jona waya, sai canji.

Na biyu, awo. 'Yar mitar auna wuta kuɗinta bai kai na huɗar kadada guda ba. Batirin da ya huta, in ya nuna bolt 12.6 a cike yake, 12.2 ya kai rabi, in kuwa ya tsaya wajen 10.5 ko bayan caji, alama ce ɗaki guda ya mutu. Idan inji yana aiki aka ga mita ta kai bolt 15, a kashe, a kira mai gyaran wuta kafin a fita gona.

Na uku, ɗauri da tsabta. A ɗaure batir da ƙarfensa ya zauna daram. A wanke farin garin da ke taruwa a kawunansa, a ɗaure su tamau, a shafa ɗan giris, a tabbata ƙofofin murfi a buɗe suke. Wajen kwance batir, a fara cire wayar da ke haɗe da jikin mota, wajen mayarwa kuma ita ce ta ƙarshe. Hikimar ita ce, da zarar an cire ta, ko sifana ta taɓa ƙarfen mota ba abin da zai faru. A yawancin taraktoci wannan waya ita ce ta kan da ke da alamar ɗebewa, amma wasu tsofaffin taraktocin Ingila masu dinamo akasin haka aka yi su, saboda haka a duba kafin a taɓa.

Na huɗu, caji. A yi shi a fili ko a rumfa mai shan iska, nesa da murhu da janareta da walda. A maƙala wayoyi tukuna sa'an nan a kunna na'ura, a kashe na'ura tukuna sa'an nan a cire wayoyi. In batir ya yi zafin da hannu ba zai jimre ba, a dakata. Bayan an gama a bar shi ya huta kafin a ɗora a mota, domin batirin da ya sauko daga caji yanzu shi ne mafi cika da iska.

Na biyar, jona waya, in ta zama dole. A tabbata batura biyun ƙarfinsu ɗaya, motocin ba su taɓa juna ba, an kashe makulli da fitilu, tarakta tana firi an ja birki. A fara haɗa jar waya a kan mai alamar tarawa na mataccen batir, ɗaya bakin a kan mai alamar tarawa na lafiyayyen. A haɗa baƙar waya a kan mai alamar ɗebewa na lafiyayyen, sa'an nan bakinta na ƙarshe a maƙala shi a jikin ƙarfen injin taraktar da ta ƙi tashi, nesa da batir da bututun mai. Ta haka tartsatsin zai tashi inda babu iska. In mota ta tashi, a cire daga na ƙarshe zuwa na farko. Wannan tsari na taraktar da kan ɗebewa ke haɗe da jikinta ne, mai akasin haka a bar wa gwani. Ba a jona batirin da ya tsage, ko ya kumbura, ko ya bushe. Ba a riƙe waya da hannu a kan batir, ba a kuma sunkuya a kansa. Tabarau na kariya irin na masu niƙa ƙarfe ya kamata ya zauna cikin akwatin kayan aikin kowace tarakta.

Na shida, ajiyar rani. Batirin da aka bari ba aiki yana zubar da wutarsa da kansa, a lokacin zafi ma ya fi sauri, in kuma ya daɗe a kwance farantansa sukan yi ɓawon da caji ba ya cirewa. Da an gama jigilar amfanin gona, a kwance shi, a ajiye a inuwa mai iska inda yara ba sa kaiwa, a riƙa ba shi caji wata-wata. Wanda ya yi haka ba zai nemi wayar jonawa ran da ruwan farko ya sauka ba. Tun ran gini ran zane.

IN ABIN YA RIGA YA AUKU

Mintocin farko su ne ke raba wanda zai warke da wanda zai makance. Ruwa ne magani, kuma nan take. A kwantar da mutum, a buɗe idon da yatsu ko da yana ƙi, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta ba ƙaƙƙautawa har minti 20 ko fiye, ruwan yana gangarawa gefe don kada ya shiga ɗaya idon. In babu na famfo, ruwan leda ko duk ruwan sha da ke kusa ya fi jira. A tuɓe rigar da asid ya jiƙa, a wanke fata haka nan. Kada a murza ido. Kada a ɗiga manja, ko nono, ko ruwan kanwa, ko tozali. In wani abu ya soke a idon, kada a taɓa shi ko a danna, a kife ɗan kofi mai tsabta a kai a ɗaure. Daga nan sai babban asibitin Kafanchan ba tare da jiran gobe ba, ko da zafin ya lafa. In aikin ya fi ƙarfinsu akwai Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa a Kaduna, akwai kuma asibitin koyarwa na Jos. Jarkar ruwa mai tsabta a jikin tarakta ba ta sha kaɗai ba ce.

Mataccen batir ma bai gama ɓarna ba. Dalmar da ke cikinsa guba ce, musamman ga yara. A wata unguwa da ke gefen Dakar ta ƙasar Senegal, yara 18 suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 saboda sana'ar fasa tsofaffin batura a cikin gidaje. Mutanen Arewa kuma ba su manta da Zamfara ba, inda gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 a 2010. Saboda haka kada a fasa batir a gida, kada a tsiyaye ruwansa a rafi ko kusa da rijiya, a mayar da shi ɗungurungum ga mai sayar da sabo.

Sauran aiki yana wuyan masu iko da masu dukiya. Malaman gona da ke zagaya ƙauyuka suna koyar da sa taki da feshi, ba abin da zai hana su tara direbobin tarakta da yaransu na yini guda kafin faɗuwar damina. Ƙungiyoyin masu tarakta da na masu cajin batir a Kafanchan da kewaye suna iya ɗora wa 'ya'yansu dokar tabarau da mita. Mai mota kuma ya sani cewa batirin da yake jin ƙyashin canjawa, in ya fashe a tsakiyar huɗa, zai sayi sabon dole, ya biya asibiti, manoman da suka ba da kuɗinsu su rasa shukar farko. Wanda ya fi kowa asara kuwa shi ne yaron da aka ce ya riƙe waya, wanda bai mallaki motar ba, bai mallaki gonar ba, ido biyun nan su ne jarinsa.

Allah Ya kiyaye, Ya ba da damina mai albarka.